Gasar masu shan ƙwaya ba za ta tsaya a Las Vegas ba

Tun da ɗan kasuwar nan na Ostireliya, Aron D'Souza, ya ɓullo da gasar da ya kira Enhanced Games, da aka tsara yi a birnin Las Vegas na Amurka, wadda ta yarje wa 'yan wasa su sha magungunan ƙara kuzari a fili, ake ta jin matasa a majalisun Samaru da Sabon Gari suna cewa ai gara haka, tunda kowa na sha a ɓoye. Wannan magana tana ɓata min rai, domin ba kowa ne ke sha ba, kuma mu 'yan Najeriya mun fi kowa sanin haka.

A gasar Olamfik ta Sidini a 2000, 'yan gudun ba-ni-in-ba-ka na mita 400 na Najeriya sun zo na biyu a bayan Amurka. Sai a 2008 Antonio Pettigrew, ɗaya daga cikin 'yan gudun Amurkar, ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun magunguna, kuma sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya lambar zinariyar. Sunday Bada, ɗaya daga cikin mutanenmu huɗu, ya rasu a Disambar 2011 bai riƙe ta a hannunsa ba. Duk mai cewa a soke gwajin ƙwaya, yana cewa ne a bar irin wannan zalunci ya tabbata, kuma a daina kiransa zalunci.

Masu gasar suna kafa hujja da cewa likitoci ne za su kula da 'yan wasansu. To, wane likita ne zai kula da yaron da ke buga ƙwallo a filin unguwa a Tudun Wada, ko ɗan damben da ke neman suna? Abin da zai iso gare shi labari ne kawai cewa manya ma suna sha, sai ya nufi kemis ya sayi tiramol. Kowa ya san wannan ƙwaya a nan: tana kashe zafin ciwo, yaro ya ci gaba da gudu a kan ƙafar da ta gurɗe, daga baya ya kasa tashi da safe sai ya haɗiya. Ba banza ba hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwaya a wasannin duniya, ta haramta ta a lokacin gasa daga farkon 2024.

Masu cewa Turawa ne suka yi wa 'yar tseren Najeriya Blessing Okagbare maƙarƙashiya da dakatarwar shekara 11, sai su tuna cewa Lance Armstrong, ɗan tseren keken da aka ƙwace wa kambu bakwai saboda shan ƙwaya, ba ɗan Afirka ba ne.

Abin kunyarmu na gaskiya shi ne 'yan wasa goma da aka hana su fafatawa a gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu gwaji ukun da doka ta tanada ba. Hukumomin wasanni su kashe kuɗi a kan gwaji tun daga gasannin jami'o'i da na jihohi, sannan a tuhumi duk kocin da ya miƙa wa yaro ƙwaya kafin a hura usur.