Wanda ya ce zai mai da ke tauraruwa

Ƙannena mata, da ku samari masu yawo da waƙa a waya kuna neman wanda zai ɗaga ku, ku saurari labarin Gloria Trevi ta ƙasar Meziko.

An haife ta a Monterrey a 1968. Tun tana budurwa ta tafi babban birnin ƙasar neman suna, can ta faɗa hannun wani furodusa, Sergio Andrade. Shi ya sa ta cikin wata ƙungiyar 'yan mata mawaƙa a 1985, shi ya fitar mata da kundin waƙoƙinta na farko a 1989. Ta yi tashe sosai, har gidan talabijin na Televisa ya ba ta shirin waƙoƙi tana gabatarwa a 1996. Iyaye suka hango ɗaukaka, suka riƙa miƙa wa mutumin nan 'ya'yansu, wata ma shekarunta 12, wai ya koya musu waƙa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Nan nake so ku tsaya. Yarinya ta bar gaban iyayenta, cinta da shanta da wurin kwananta duk suna hannun mutum ɗaya, ranar da ya cuce ta wa za ta kai wa kuka? Don haka duk wanda ya ce zai fito da ke amma kada Mama ta ji, ko ya ce gwajin murya sai da dare a ɗakin otal, ki kama kanki. Kai ma ƙanena, kada ɗoki ya sa ka sa hannu a takardar da wani babba naka bai karanta ba, kuma kuɗin waƙarka su shigo asusunka, ban da na oga.

Magana ta kai gaban hukuma ne a 1999, bayan an bar jaririn ɗaya daga cikin yaran a Sifen, iyayenta suka kai ƙara a Chihuahua da ke Meziko. A Janairun 2000 aka kama Trevi da Andrade a birnin Rio de Janeiro na ƙasar Brazil. Tana tsare ta haihu a 2002. Gaskiya dai a faɗe ta: a Satumban 2004 kotu ta wanke ta saboda rashin hujja, shi kuwa aka same shi da laifin fyaɗe da lalata yarinya a 2005.

Ta fito tana da shekara 36, bayan kusan shekara biyar a tsare, ta koma waƙa, har yau tana cika filin taro. Yawancin yaran da aka kai don su zama irinta kuwa, ko kundi ɗaya ba su fitar ba.