Kayan Topkapi: a daina ɓoye mana sarautar da ke ciki

Duk azumi sai an dawo mana da bidiyon nan na fadar Topkapi da ke Istanbul, tsohuwar fadar sarakunan Usmaniyya na Turkiyya, a sa ƙasida a baya, ana nuna akwatin zinaren da aka ce mayafin Manzon Allah (SAW) na ciki, da takubba da makullan Ka'aba, sai wani ya rubuta a ƙasa wai "ku ga yadda Usmaniyya suka so Annabi". Jama'a su yi ta turawa ba mai tambayar komai. Ni kam abin ya ishe ni.

Ba na cewa sarakunan nan ba su da imani, wannan tsakaninsu da Allah ne. Amma ta yaya kayan suka je can? Sultan Salim na ɗaya ne ya murƙushe Mamluk, masu mulkin Masar, a 1517 ya kwashi abin da ya samu a Alƙahira, shi kuma Sharifin Makka Barakat da ya ga ba sarki sai Allah ya turo ɗansa da makullai da mubaya'a. Gidan Usmaniyya Turkawa ne, ba Ƙuraishawa ba, ga Safawiyyan Iran a gabas suna ta tutiyar su jikokin Ali ne, to wanda bai da nasabar da zai buga ƙirji da ita dole ya nemi abin da zai riƙe a hannu. Shi ya sa kayan suka sauka a ɗakin sarki, can cikin gida inda talaka ba ya ko leƙawa a lokacin.

Ku duba kuma yaushe ake fito da su a zamanin sarakunan. Ranar 15 ga Ramadan wazirai da manyan malamai ke shiga ziyarar mayafin, kowa a layi daidai muƙaminsa, a shafa ɗan ƙyalle a jikin mayafin a miƙa maka ka tafi da shi gida, wato albarkar ma sai ta hannun sarki za ta iso gare ka. A 1596 Sultan Muhammad na uku ya tafi yaƙin Hungary da tutar Annabi da mayafin. A 1826 kuwa Sultan Mahmud na biyu ya fito da tutar ya kira mutanen gari su taru ƙarƙashinta, aka buɗe wa barikin sojojin Janisari wuta da igwa. Sojojinsa ne fa, Musulmi, sun dai gagare shi ne kawai.

Masu cewa ai kayan duk jabu ne su ma sun kauce, ko na gaske ne ko ba na gaske ba aikin da aka sa su iri ɗaya ne.

Malamanmu masu dubban mabiya a Facebook da TikTok su ya kamata su riƙa haɗa bidiyon da tarihinsa, ko da minti biyu ne, a ce ga wanda ya kawo, ga shekarar, ga wanda aka kashe a ƙarƙashin tutar. Amma wannan ba ya kawo "like", ƙasidar ce ke kawowa.