"Wataƙila Ni Ne Zan Tsira"

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

Akwai hadisin da na daɗe da haddacewa, amma bai ratsa ni ba sai da na bi labarin masu neman ramukan zinariyar da ake cewa sun ɓace. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA), Manzon Allah (SAW) ya ce Alƙiyama ba za ta tsaya ba har sai kogin Furat ya janye, wani dutse na zinariya ya bayyana, mutane su yi ta yaƙi a kansa, a kashe 99 cikin kowane 100, kowane ɗayansu yana cewa: "Wataƙila ni ne zan tsira."

Wannan jimlar ta ƙarshe ce ta hana ni sakat. Mutum yana tsallake gawarwaki, ya ga ƙarshen waɗanda suka riga shi, amma zuciyarsa tana raya masa cewa shi daban ne.

A jihar Arizona ta Amurka, gabas da birnin Phoenix, akwai wasu duwatsu da ake kira Superstition. Wani Bajamushe mai suna Jacob Waltz ya rasu a 1891, sai labari ya bazu cewa yana da wani ramin zinariya a ɓoye a cikinsu, kuma yana kan gargarar mutuwa ya kwatanta wa matar da ke jinyarsa, Julia Thomas, inda wurin yake. Ta shiga nema, ta dawo hannu rabbana, daga baya ta koma sayar wa mutane taswira. Sama da shekara 130 ke nan ana hawa ana sauka, har yau babu wanda ya nuna ramin.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani dattijo, Adolph Ruth. Tun kafin nan ya taɓa faɗowa ya karye a Kalifoniya wajen neman wani ɓataccen ramin, aka sa masa ƙarfe a ƙafa, da sanda yake dogarawa. Duk da haka, a watan Yuni na 1931, lokacin da zafi ya fi tsanani, ya shiga duwatsun Superstition da taswirarsa, ya kafa sansani shi kaɗai. An ba shi haƙuri ya dakata, bai ji ba. Sai a watan Disamba aka tsinci ƙoƙon kansa da huji, sauran ƙasusuwan kuma a Janairun 1932. A cikin kayansa akwai rubutun hannunsa da ya ƙare da kalmomin Latin uku, ma'anarsu: "Na zo, na gani, na yi nasara." Subhanallah! Takarda tana cewa an yi nasara, mai takardar kuwa ƙasusuwansa a warwatse cikin duwatsu.

Mai hankali zai ce wannan ya isa ya tsorata jama'a. Ina! Labarin mutuwarsa da jaridu suka yaɗa shi ne ya ƙara jawo mutane. A 2009 wani matashi ma'aikacin otal daga birnin Denver ya shiga, sai a 2012 aka samu gawarsa. A watan Yulin 2010 mutum 3 daga jihar Utah suka bi sahu, su ma ba su fito da rai ba. A Ostireliya haka Harold Lasseter ya ce ya taɓa ganin jijiyar zinariya a tsakiyar hamada, aka haɗa masa tawaga a 1930, abokan tafiya suka gaji suka juya, shi ya ci gaba har ya mutu a can a 1931.

Kada wani ya yi mini mummunar fahimta. Haƙar ma'adinai sana'a ce ta halal, mai yin ta da ilimi da izini yana cin guminsa. Hasali ma shari'a ta yi hukunci a kan dukiyar mutanen da da aka tsinta a binne, wato rikazi: a fitar da kashi ɗaya cikin biyar. Abin da nake kuka da shi shi ne mutum ya bar iyalinsa da sana'ar da ke hannunsa, ya bi jita-jita zuwa inda ya san an mutu, alhali Allah Ya ce a Suratul Baƙara kada mu jefa kanmu cikin halaka da hannuwanmu. Annabi (SAW) ya umarce mu da mu ji tsoron Allah mu kyautata nema, domin babu wani rai da zai mutu sai ya cika arzikinsa. Kuma shi ya gaya mana cewa da ɗan Adam yana da kwari biyu na dukiya, da ya nemi na uku, babu abin da ke cika cikinsa sai ƙasa, kuma Allah Yana karɓar tuban wanda ya tuba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ba sai ka hau dutse ba. Kowa da taswirar da Shaiɗan ke miƙa masa. Wani caca ce a wayarsa, ya ga waɗanda ta tsiyata, amma ya ce wannan karon nasa ne. Wani masu alƙawarin ninka kuɗi cikin mako guda ne, ya ji kukan waɗanda aka damfara jiya, yau shi ma ya ciwo bashi ya zuba. Wallahi ni ma na sha jin muryar nan a ƙirjina, tana cewa waɗancan ba su iya ba ne, kai ka fi su wayo. Idan ka ji ta, ka tuna abin da Annabi (SAW) ya ce game da taskar Furat, zinariyar da za a gani da ido ba a takarda ba: duk wanda ya halarci wurin, kada ya ɗauki komai.

Ya Allah Ka wadata mu da halal ɗinKa, Ka sanya mana ƙana'a a zukata, Ka dawo da duk wanda kwaɗayi ya fitar daga gidansa ga iyalinsa lafiya. Amin.