Ku Daina Ƙirga Mana Gawarwakin Pegahmagabow

Tun jiya hoton nan na Francis Pegahmagabow, maharbin ɓoye na sojan Kanada, yake yawo a shafukanmu, an liƙa masa lamba 378 da manyan baƙaƙe, wato adadin abokan gaba da aka ce ya kashe, kowa yana yaba yadda Kanada take girmama jarumanta, har wani ya rubuto a ƙarƙashin nawa shafin cewa da a can aka haife shi da shi ma ya shiga soja. Madalla da wannan karatu. An ɗauki rayuwar mutum guda an mayar da ita ƙidayar gawarwaki, an kuma miƙa ladar ga gwamnatin da ta wulaƙanta shi.

Babu mai musun jarumtarsa. Maraya ne ɗan ƙabilar Ojibwe, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Kanada, daga lardin Ontario, yana aikin zuba wa jirgin ruwa gawayi a manyan tafkunan ƙasar lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, kuma a watan Agustan 1914 ya ba da sunansa a soja, aka saka shi a bataliya ta 1 ta sojan ƙasa. Yana Ypres ta Beljiyam a Afrilun 1915 da Jamusawa suka saki iska mai guba, an harbe shi a ƙafa a Somme ta Faransa a 1916, ya warke ya koma. A Passchendaele ta Beljiyam, cikin taɓon da yake haɗiye mutum da alfadari, shi ne ɗan aiken da yake ratsa ruwan harsasai yana kai saƙo yana nuna wa dakarun da suka ɓace hanya, a 1918 kuwa da harsasan rundunarsa suka kusa ƙarewa ya fita daga rami ya kwaso musu wasu. Sau uku aka ba shi lambar yabo iri ɗaya, abin da 'yan Kanada ƙasa da 40 suka samu a yaƙin.

To, sai ya koma gida a 1919, kuma nan ne masu yaɗa hoton suke rufe littafi. Mutumin da aka amince masa ya riƙe bindiga shekara huɗu ya tarar da cewa a ƙauyensu ba shi da ikon komai sai abin da jami'in gwamnati mai kula da 'yan asalin ƙasa ya yarda, wanda ƙarfinsa a kansu ya yi kama da na Di'o a zamanin Turawa. Ya nemi rancen noma irin wanda ake ba tsofaffin sojoji aka hana shi. Mutanensa na tsibirin Parry suka zaɓe shi shugabansu a 1921, da ya fara rubuta takardun koke kan ƙasarsu da haƙƙinsu sai jami'in ya shiga yi masa laƙabin mai taɓin hankali. A 1927 ma aka yi dokar da ta haramta tara kuɗi domin kai ƙarar gwamnati kan filayen 'yan asali sai da izininta, ba a soke ta ba sai 1951. Ya rasu a 1952 da huhun da guba ta lalata, har ana ba da labarin cewa a zaune yake barci, kuma sai a 1960, shekara takwas bayan an binne shi, aka bar jama'arsa baki ɗaya su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba tare da sun sarayar da matsayinsu na 'yan asali a doka ba.

Na san za a ce ai an gina masa mutum-mutumi a garin Parry Sound na Ontario. An gina, a 2016, shekara 64 bayan rasuwarsa, lokacin da ba ya iya neman rance balle ya rubuta koke. Za a kuma ce haka zamanin yake a ko'ina, kamar dai yawan masu zalunci yana rage wa wanda aka zalunta zafi. Abin da yake ci mini rai da gaske shi ne, gwagwarmayar da ya yi da alƙalami ta fi shekara talatin, ta kai shi ga shugabancin wata ƙungiyar 'yan asali ta ƙasa baki ɗaya, amma ba wanda ya ga ta cancanci manyan baƙaƙe, saboda ba ta da gawar da za a ƙirga.

Ita kanta bindigar da ake nunawa a irin waɗannan hotuna galibi ba tasa ba ce. Da samfurin Ross ya yi harbi, bindigar da sauran sojojin Kanada suka tsana domin tana cijewa da zarar laka ta shige ta, har aka karɓe ta daga hannunsu a 1916 aka ba su Lee-Enfield ta Ingila. Maharban ɓoye ne suka riƙe ta saboda saitinta, da sharaɗin mutum ya zauna kullum yana goge ta.