Bayan Shan Kaye, Wa Ya Kamata Ya Ja Ragamar Jam'iyya?

Da zarar an bayyana sakamakon zaɓe, jam'iyyar da ta sha kaye takan shiga wani hali da ya fi ranar zaɓen kanta haɗari. Shugaban da ya jagorance ta yakan sauka ko a tilasta masa sauka, kuma tun kafin a gama lissafin kujerun da aka rasa sai sunayen masu neman gadonsa su fara yawo. A cikin wannan gaggawa ce jam'iyyu da yawa suke tafka kuskuren da zai bi su shekaru, domin sukan duƙufa kan wanda za a ɗora alhali ba su tsaya sun gano abin da ya sa mutanen da suka saba ba su ƙuri'a suka juya musu baya ba.

Abin da ya sa gano hakan yake da wuya shi ne, masu ikon zaɓen sabon shugaba ba su ne waɗanda suka tafi ba. 'Yan majalisar da suka tsira da kujerunsu galibi sun fito ne daga mazaɓun da ko wa jam'iyyar ta tsayar zai ci, su kuwa 'ya'yan jam'iyya masu kati da daliget-daliget na babban taro su ne mafiya tsananin riƙo da aƙidarta. Mutane ne da suka cancanci girmamawa, tunda su suka tsaya a lokacin tsanani, amma abin da ke faranta musu rai sau da yawa shi ne ya kori mai jefa ƙuri'a da ba ya ɗauke da katin kowa. Shi ya sa ɗan takarar da ya tabbatar musu cewa ba su yi laifin komai ba yakan fi shan tafi a kan wanda ya gaya musu cewa sai sun sake hali.

Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Birtaniya ta ɗanɗani wannan. A 1997, bayan shekara 18 tana mulki, ta tashi da kujeru 165 kacal, kuma cikin makonni kaɗan 'yan majalisarta suka zaɓi William Hague. A zaɓen 2001 kujera ɗaya tak ta ƙaru mata. A karon da ya biyo baya an yi aiki da sabuwar doka, wadda ta ce 'yan majalisa su tace 'yan takara zuwa biyu, sannan 'ya'yan jam'iyya su zaɓi ɗaya. Kenneth Clarke, tsohon ministan kuɗi wanda jama'ar gari suka fi sani, shi ya zo na ɗaya a wurin 'yan majalisa da ƙuri'a 59, Iain Duncan Smith yana biye da 54. Amma da aka kai maganar gaban 'ya'yan jam'iyya sai suka ƙi Clarke saboda goyon bayansa ga Tarayyar Turai, suka ɗauki Duncan Smith da babban rinjaye. A watan Oktoba na 2003 'yan majalisar suka tsige shi da ƙuri'a 90 a kan 75, bai ko kai ga jagorantar jam'iyyar a babban zaɓe ba. An ɓata shekara biyu a kan shugaban da waɗanda zai yi aiki da su kullum ba su taɓa amincewa da shi ba.

Abin da Michael Howard, wanda ya gaji Duncan Smith, ya yi bayan kayen 2005 ya fi dacewa a yi koyi da shi. Ya sanar cewa zai sauka, amma ya ci gaba da riƙe kujerar har watan Disamba, ya ba matasa irin su David Cameron da George Osborne manyan muƙamai a ɓangaren adawa domin a ga kamun ludayinsu. Da an yi zaɓen shugaba a makon farko, da wuya kowa ya kayar da David Davis, wanda shi ne a gaba a lokacin. Watannin nan bakwai ne suka ba jam'iyyar damar sauraron 'yan takara a babban taronta na Blackpool, inda Cameron ya yi jawabi ba tare da takarda ba, ya kuma yi magana kan mutanen da jam'iyyar ta rasa. A 2010 ya zama firaminista. Haka ma jam'iyyar Liberal ta Kanada, da ta faɗo zuwa kujeru 34 a 2011, ta bar Bob Rae a matsayin shugaban riƙo kusan shekara biyu kafin ta zaɓi Justin Trudeau a 2013, ta kuma dawo mulki a 2015.

Sai dai jinkiri kaɗai ba magani ba ne. Jam'iyyar Congress ta Indiya ta wuce shekara uku a hannun shugabar riƙo Sonia Gandhi bayan Rahul Gandhi ya sauka a 2019, sai a Oktoban 2022 aka zaɓi Mallikarjun Kharge, kuma a tsakanin nan manyan 'ya'yanta da dama suka fice. PDP ta Najeriya ta fi shan wahala. Bayan ta rasa mulkin shekara 16 a 2015, shugabanta Adamu Mu'azu ya yi murabus, aka kawo Ali Modu Sheriff a farkon 2016, watanni kaɗan bayan haka taron Fatakwal ya kafa kwamitin riƙo ƙarƙashin Ahmed Makarfi, jam'iyya ta wayi gari da shugabanni biyu. Sai a Yulin 2017 Kotun Ƙoli ta raba gardamar. A zaɓen gwamnan Ondo na Nuwamban 2016 kowane ɓangare ya tsayar da nasa ɗan takara, kuma Eyitayo Jegede bai samu kotu ta mayar masa da takararsa ba sai ana saura kwanaki kaɗan a jefa ƙuri'a. PDP ta rasa jihar da take mulki. Riƙon ƙwarya yana amfani ne idan yana da wa'adi sananne, kuma mai riƙon ba ya cikin masu neman kujerar.

Ba ina cewa a ture 'ya'yan jam'iyya gefe a bar wa manya su shirya a ɗaki ba. A Jamus, daliget na jam'iyyar CDU sun ƙi Friedrich Merz sau biyu, a 2018 da farkon 2021, amma bayan jam'iyyar ta faɗi a zaɓen 2021 a ƙarƙashin Armin Laschet, inda ita da ƙawarta CSU suka samu kashi 24.1 cikin ɗari, aka tambayi 'ya'yanta kai tsaye, suka ba Merz sama da kashi 60, kuma a 2025 ya zama shugaban gwamnati. Abin da nake nufi shi ne shugaban adawa yana buƙatar amincewar ɓangarorin biyu, kuma dole a daddale ƙa'idojin zaɓe kafin a san su wa za su tsaya. Jam'iyyar Labour ta Birtaniya ta buɗe ƙofa a 2015 ga duk wanda ya biya fam uku ya yi rajista, Jeremy Corbyn ya ci da gagarumin rinjaye, amma shekara guda bayan haka 'yan majalisarsa 172 suka kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa, 40 kawai suka tsaya masa. Ya ci gaba da shugabanci, jam'iyyar ta tagaza a 2017, sannan a 2019 ta samu mafi ƙarancin kujerunta tun 1935.

Saboda haka, da ni mai ƙuri'a ne a irin wannan zaɓe, abu na farko da zan nema shi ne binciken kayen a rubuce, mazaɓa bayan mazaɓa, wanda mutanen da ba su riƙe yaƙin neman zaɓen ba suka gudanar, a kuma raba shi ga kowa kafin a buɗe sayar da fom. Sannan zan so kowane ɗan takara ya faɗi rabonsa a cikin faɗuwar, musamman idan minista ne ko jigo a gwamnatin da aka kayar, ya kuma ambaci manufa ɗaya da jam'iyyar take ƙauna wadda shi zai ajiye. Wanda ya ɗora laifin duka a kan 'yan jarida ko abokan hamayya ko jahilcin masu zaɓe, ba zan ba shi ƙuri'ata ba ko da shi ya fi kowa iya magana, domin masu zaɓen da ya raina su ne zai koma yana roƙo bayan shekara huɗu ko biyar.