Kafin ka sayi katin girafik, tambayi kwamfutarka inda ke mata ciwo

Duk wanda ya same ni da zancen kwamfutarsa ta gem ta tsufa, yana son ya ɗan taɓa ta amma aljihu ba nauyi, na san tambayar da za ta biyo baya: "Wane katin girafik zan saya?" Wato katin da ke zana hoton da kake gani a sikirin. Amsata ba ta cika yi wa mutane daɗi ba. Cewa nake kar ka sayi komai tukuna. Ba wai na fi kowa sani ba ne, ni ma na yi wannan gaggawar kuma na ji a jikina.

A 2017 na haɗa tawa: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) Ryzen 5 1600 a kan allon B350 (babban allon da ake dasa komai a kansa), RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake ciki) sanda ɗaya mai 8GB, katin GTX 1060 mai 6GB, da faifan ajiya irin na da, mai juyawa. Ta yi shekaru tana min biyayya. Da sababbin gem suka fara fin ƙarfinta, sai na yi abin da kowa ke yi. Na tara kuɗi wata da watanni, na sayo RX 6600 na hannu, na kafa shi, na zauna ina jiran abin mamaki. A filin da ba kowa, hoto ya yi santsi, ba ƙarya. Amma da na shiga gari mai cunkoso a cikin gem ɗin, na juya kai da sauri, sai hoton ya cije na ɗan kiftawar ido, ya saki, ya sake cijewa, kamar dai yadda yake yi kafin in kashe kuɗin. An yi ba a yi ba.

Sai daga baya na sauke MSI Afterburner, manhaja ce ta kyauta, na sa ta riƙa nuna min lambobi a kusurwar sikirin ina cikin wasa. Abin da na gani ya ba ni kunya. Sabon katin nawa hutawa yake yi, ko kusa da iyakar ƙarfinsa bai zuwa. RAM ta cika maƙil, Windows na kwashe rarar tana jibgewa a kan faifan nan mai juyawa, shi kuma yana ta gurnani. Ashe katin jira yake a miƙo masa aiki, masu miƙowar ne suka gaza.

To ga yadda ake karanta lambobin, ba wuya. Idan katin girafik yana zaune a kashi 97 zuwa 99 cikin ɗari kuma hoton bai gamsar da kai ba, shi ne ya kai maƙura, ka yi gaskiya da kake zarginsa. Idan yana lilo a ƙasa da haka sosai, alhali ba ka ƙayyade yawan hoton da zai fitar a daƙiƙa ba, to wani abu ne ke riƙe shi: furosesa, ko RAM, ko ma'ajiya. Kar jimillar aikin furosesa ta ruɗe ka, domin za ka iya ganin kashi 50 alhali kai ɗaya daga cikin kawunansa shida, wato sassan da ke raba aiki a cikinsa, ya riga ya ƙure, kuma a kansa gem ɗin ya ɗora mafi nauyin kayan. Gwaji mafi sauƙi: rage ingancin hoto zuwa na ƙasa. In gudun ya ƙaru sosai, kati ne. In bai motsa ba, ka bar katin nan ya sarara. Kuma ka daina kallon matsakaicin hoto a daƙiƙa kawai. Hoto 60 a daƙiƙa na nufin kowane hoto ya iso cikin kusan kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa. Guda ɗaya ya makara ya ninka haka sau biyar, idonka zai gani, ko da lissafin sama yana nuna maka 80.

Akwai ma gyaran da ba ya cin ko sisi. Buɗe murfi ka kaɗe ƙurar da ta toshe fanka. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi yana bushewa in ya kwana biyu, kuma furosesa in ya ji zafi ya yi yawa da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone. Sannan ka leƙa BIOS, wato shafin saitin allon da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka ga ko an kunna XMP, saitin da ke sa RAM ta yi cikakken gudunta. Mutane da yawa sun sayi RAM irin DDR4 mai gudun 3200 amma tun ranar farko a 2133 take tafiya, don ba wanda ya taɓa danna wannan saitin.

In an zo kashe kuɗi, ni a ganina SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa, ita ce farko ga duk wanda har yanzu gem ɗinsa ke kan faifai mai juyawa. Ba zai ƙara maka yawan hoto ba, amma jiran buɗewa da cijewar da ke zuwa lokacin da gem ke ɗauko sabon yanki za su ragu ƙwarai. Gem ɗin Starfield da ya fito a 2023 ƙiri-ƙiri ya rubuta SSD cikin sharuɗɗansa. SSD iri biyu ne, SATA da NVMe wanda ya fi sauri, amma kar a tsorata ka da cewa sai NVMe. A takarda na SATA yana tsayawa wajen 550MB a daƙiƙa, NVMe na PCIe 3.0 (PCIe ita ce hanyar da ke haɗa kaya da allo) yana kai 3,500, amma a buɗe gem tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Babban tsallen shi ne barin mai juyawa.

Sai RAM. Sanda biyu masu 8GB sun fi sanda ɗaya mai 16GB, saboda furosesa yana da hanya biyu ta zuwa gare ta, in ka sa ɗaya ka toshe masa guda. A yawancin allunan da ke da rami huɗu, na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sa su, amma ka duba littafin allonka. Na taɓa ganin wanda ya jera su kusa da juna shekara guda cur yana zagin kwamfutar.

Inda gizo ke saƙa shi ne furosesa, domin a nan ba kai ke da ta cewa ba, allonka ne. Masu allon da ramin furosesansa AM4 ne sun yi sa'a. Wannan mazaunin na AMD ya ɗauki Ryzen tun daga na 2017 har zuwa jerin 5000, kuma a 2022 kamfanin ya buɗe wa tsofaffin alluna irin su B350 ƙofar karɓar jerin 5000 ta hanyar sabunta BIOS. Ma'ana ka cire 1600 ko 2600, ka dasa Ryzen 5 5600, allo yana nan, RAM tana nan, komai yana nan. Ban san wani gyara da kwalliya ke biyan kuɗin sabulu kamar wannan ba. Mai ɗan ƙarin hali zai iya duba 5700X3D ko 5800X3D, masu rumbun L3 (ƙaramar ma'ajiya mai sauri a cikin furosesa) har 96MB, wanda gem ke matuƙar so. Amma ka shiga shafin kamfanin allonka ka ga sunan furosesan a jeri da idonka kafin ka biya. Kuma ka sabunta BIOS tsohon furosesa yana ciki, domin in ka riga ka sa sabon, allon ba zai gane shi ba, baƙin sikirin kawai za ka gani. Yayin sabuntawar kar wuta ta ɗauke. Wajen cirewa, ka bar injin ya ɗan yi aiki man ya yi laushi, ka murɗa ƙarfen sanyayawar a hankali kafin ka ɗaga. Ni fizga na yi, furosesan ya biyo shi manne, na shafe rabin awa da tocila ina duba ko wata allura ta lanƙwashe. Allah ya rufa asiri.

Masu tsohon Intel kuwa, a nan zan ɓata wa wasu rai. In kana kan i5-2500K na 2011 ko wani na jerin 4000 mai amfani da DDR3, mafi girman abin da allon zai ɗauka ma kai huɗu ne, kuma masu sayar da na hannu sun san shi ne ƙarshen hanya, don haka ba sa sakinsa da araha. Zuba kuɗi a nan zuba ruwa ne a rariya. Ga kuma Windows 10 da Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da ita, Windows 11 kuma a hukumance tana neman TPM 2.0 (wani sashen tsaro na kwamfutar) da Intel zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Gara ka sayi SSD, wanda zai bi ka duk inda ka koma, ka ci gaba da tara sauran har su isa allo da furosesa da RAM a tashi ɗaya. Haƙurin ya fi zafi, amma ba ka biya sau biyu.

In lambobi sun nuna katin ne da gaske, to bismillah, sai dai a yi hattara da sunan da ke jikin kwali. Sabo ba lallai ya fi tsoho ba. RX 6500 XT na 2022 yana da 4GB kacal, kuma layi huɗu na PCIe yake amfani da su, a tsohon allo mai PCIe 3.0 sai ya ƙara shaƙewa. Wanda ke da RX 580 mai 8GB ya koma RX 6500 XT, bai ci ribar komai ba. Ni yanzu ba zan ba kowa shawarar ƙasa da 8GB ba. Na hannu ba laifi ba ne, har waɗanda aka yi haƙar kirifto da su kafin Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifto, ta daina tsarin haƙa a Satumbar 2022, muddin an bar ka ka gwada. Ka sa masa gem mai nauyi na minti 20, ka kalli zafinsa, ka saurari fankokinsa, ka duba ko ɗige-ɗige masu launi na fitowa a hoto. Mai kaya ya ce ba gwaji, ka yi masa sallama. Kafin ma ka je can, gwada kunna FSR, saitin da ke zana hoto a ƙarami sannan ya faɗaɗa shi don rage wa kati nauyi, a gem ɗin da ke da shi. Na AMD ne amma yana aiki har a kan GTX 1060, kuma yakan sayo maka wasu watanni.

Abin da kowa ke mantawa shi ne akwatin da ke raba wuta. Ba ya ƙara ko hoto ɗaya, shi ya sa ba wanda ke son kashe masa kuɗi. Amma GTX 1060 wat 120 yake ja, RX 6600 yana jan 132, RTX 3060 kuma 170, wasu sun haura 200 nesa ba kusa ba. Ka karanta takardar da ke jikin akwatin ka ga nawa yake bayarwa a layin 12V, ka ga ko yana da filogi mai rami 8 da katin ke nema. In sai ka haɗa da wayar dabara daga filogin SATA kafin katin ya samu wuta, to akwatin ne ke gaya maka ba da shi ba. Wanda ba shi da suna, mara nauyi a hannu kamar fanko, in ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Garin neman gira a rasa ido.

Tawa dai yanzu 5600 ne a ciki, da RAM 16GB sanda biyu, da SSD, da RX 6600 ɗin nan da na fara saya ba a kan lokacinsa ba, duk a kan allon 2017. Sai yanzu nake ganin katin yana kai kashi 99. Tsohon GTX 1060 na ba ƙanena, ya sa a tasa. Makon jiya ya kira ni, wai "Yaya, gem ɗin nan yana cijewa, wane kati zan saya?" Na ce ya buɗe murfin ya ƙirga min sandunan RAM. Ya ce ɗaya ce.