Idon maƙwabci muna da shi, wurin kai ƙarar ne babu

Shekarata bakwai a Bradford, a arewacin Ingila. Duk ƙarshen Oktoba, da zarar an mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai 'yan sanda su fara jan kunnen jama'a: ku kulle ƙofa ko kuna ciki, kada ku ajiye makullin mota kusa da ƙofa, ku sa fitilar da ke kunna kanta da yamma. A Disamba kafin ƙarfe huɗu duhu ya fara shiga, gidan da ba haske kuwa ya gaya wa ɓarawo cewa masu shi suna wajen aiki. Ɓarawon nan ba ya jiran tsakar dare ya haura katanga. Ƙwanƙwasa ƙofa yake kamar baƙo, in ya ji shiru ya zagaya ta baya ya ɓalle makulli. Gidajen 'yan Pakistan da Indiya sukan sha wannan ziyara a lokutan biki, saboda an san matansu da ajiyar gwal.

A watan farko da na tare a layinmu, na dawo da daddare makulli ya ƙi buɗewa. Ina ta kokawa da ƙofa, sai ga motar 'yan sanda. Wani a layin ya hango baƙon mutum yana taɓa ƙofa ya buga waya. Suka tambayi sunana, na nuna musu takardar haya a wayata, suka ce a kwana lafiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don har yau ina zargin da fatata fara ce da ba a kira kowa ba. Amma da na kwanta sai na tambayi kaina: da a wani layin ne a gida, aka ga baƙo yana fama da ƙofa cikin duhu, wani ya ɗaga murya ya ce "ɓarawo!", da wa zai tsaya duba takardar haya?

Ta fuskar sa ido dai, mu ne gaba. A Gwammaja ta Kano inda na tashi, baƙo ba ya wuce gida uku ba a ce masa "Malam, wa kake nema?" ba. Ga dattawa a dakali bayan la'asar, ga mai shayi a bakin layi da ya san wanda ya shiga da wanda ya fita, ga 'yan sintiri da kowane gida ke biya wa kuɗin wata, suna busa usur har asuba. Turawa sai da suka kafa ƙungiya kafin su samu irin wannan. Neighbourhood Watch ta fara a Ingila a 1982, a ƙauyen Mollington da ke Cheshire, kuma duk aikinta shi ne maƙwabci ya lura da gidan maƙwabci. Abin da muka gada kyauta, su da taro da alluna a jikin turakun fitila suke nemansa. Ni kaina sai da na yi shekara biyu kafin na san sunan mutumin da katanga ɗaya ta raba mu.

Inda suka fi mu shi ne abin da ke biyo bayan gani. A nan akwai lambar gaggawa 999, wadda aka fara a Landan tun 1937, da ake kira idan ɓarawon yana ciki yanzu. Akwai 101 idan abin ba na gaggawa ba ne, kamar motar da ta zagaya layi sau uku tana tsayawa a ƙofofin mutane. Akwai kuma Crimestoppers, wadda ke karɓar bayani tun 1988 ba tare da tambayar sunanka ba. Ka faɗi abin da ka gani, ka ajiye waya, ka ci gaba da cin tuwonka. Ba na cewa 'yan sandan nan waliyyai ne. Yawancin fashe-fashen gida ana rufe su ba a gano kowa ba, sau da yawa abin da mai gida ke samu lambar rahoto ce da zai kai wa kamfanin inshora. Sai a 2022 ma shugabannin 'yan sandan Ingila da Wales suka yi alkawarin zuwa duk gidan da aka fasa.

A Najeriya akwai 112, amma mutum nawa ka sani da ya taɓa kiranta don ya ga abin da bai yarda da shi ba? Mutane na tsoron a ce su zo su rubuta bayani, a nemi kuɗin mai, a wuni a benci, ƙarshe wanda aka kama ya fito ya san bakin da ya tona shi. Don haka abu biyu ya rage: ko shiru, ko ihu. Ihu kuwa mun san inda yake kaiwa. A watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, 'yan banga suka tare mafarauta da ke kan hanyar komawa Kano yin Sallah, aka zarge su da satar mutane saboda bindigogin farauta, aka kashe mutum 16. Mun yi kuka, kuma da gaskiyarmu. Sai dai mu ma a kasuwanninmu an sha rufe wanda ake zargi da satar waya da duka kafin a tambayi sunansa.

Kwanaki na kira kawuna, wanda ke cikin masu tara kuɗin sintirin layinmu na Gwammaja. Na ce, "Kawu, me zai hana ku sa mai unguwa ya riƙe lambar DPO, duk wanda ya ga wani abu ya gaya masa, shi ya kai da sunan unguwa? Kuma a gaya wa yaran sintiri, in sun kama mutum su riƙe shi kawai, ban da duka."

Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, zaman Turai ya sa ka manta gari. In mun kai musu da safe, da la'asar za mu gamu da shi a masallaci."

Na ce ai ko da hakan ne, gara a gamu da shi a masallaci da a yi masa sallah a ƙofar masallacin, daga baya a gano ɗan aike ne da ya ɓata hanya. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce zai tayar da maganar ranar Juma'a, amma in fara aiko da kuɗin tocila, don ta yaran ta mutu tun damina.